Kaset ɗin da Ba a Karya wa Kunne Ba

Jikokina suna danna waya su yi magana, su ɗaga yatsa, saƙo ya isa Damagaram kafin su haɗiye yawu. Da na gaya musu cewa na yi shekaru a Faransa ina sana'ar naɗar muryar mutane a kaset, ɗaya daga cikinsu, mai karatun injiniya, ya ce, "Kaka Lawali, ai dannawa ce kawai." Na ce masa dannawa ita ce abu na ƙarshe da aka koya mini. Sauran abubuwan da suka riga ta su zan faɗa a nan.

Aikina na farko a gidan rediyo, can gida, shi ne ɗaukar manyeto. Haka muke kiran na'urar naɗar murya, kuma tamu ta kai nauyin ɗan rago. Maigidana, Malam Shu'aibu, bai bar ni na taɓa maɓallinta ba sai da na iya goge kawunanta da auduga da alkol, wato sifirit, na iya naɗe waya ba ta karye a ciki ba. Daga nan ya zaunar da ni gaban bandi, wato zaren da murya ke hawa. Ana juya shi da hannu a hankali har a ji inda kalma ta ƙare, a yi alama da farin fensir, a kwantar da shi a kan ƙarfe mai kwari, a yanka da reza a karkace, a haɗa da sikoci, wato salatif. Idan ka yanka kusa ƙwarai, ka cinye wa mutum numfashi, sai a ji shi kamar ana korarsa. Idan ka bar da yawa, sai a ji kamar ya manta abin da zai ce. Malam Shu'aibu yana da dokoki biyu da ba ya sassautawa, ta farko ita ce shiru a rediyo laifi ne. Tari, gyaran murya, "e-e-e", duk ƙasa suke zuwa. Doka ta biyu ita ce kada ka taɓa yanka na asali, ka yi kwafi ka yanka kwafin.

A farkon shekarun tamanin aka tura ni Paris ƙaro ilmi. Da karatun ya ƙare na zauna, na sayi manyeto biyu na kaset da tsohon mikro na ɗaukar murya, na fara zuwa Montreuil, ƙarshen layi na tara na metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda gidajen kwanan ma'aikata suke, waɗanda ake ce wa fwaye. Mutane da yawa a can ba su rubutu, iyayensu a gida kuma ba su karatu. Kaset ita ce wasiƙarsu.

Wani mai shara ɗan Tawa, Idi, shi ne ya fara ba ni aiki. Saƙo ne ga mahaifiyarsa. Na rataya bargo a bango don kada murya ta yi amo, na sa wa mikro safa, ya zauna a bakin gado ya yi maganarsa. Na je na gyara kwafin yadda aka koya mini, na kawo masa tsaf. Ya saurara kaɗan, ya ce, "Malam, ina wurin Inna?"

Na ce wane wuri?

Ya ce, "Na ce mata ina kwana. Ka ga ta amsa? Ka sa ni na wuce ta kamar mota."

Ashe shirun da yake yi bayan kowace gaisuwa ba mantuwa ba ce. A gida ana ajiye rediyo mai kaset a tsakar gida, kowa ya zauna, idan muryar ta ce "Ina gajiya?" sai tsohuwa ta ce "Ba gajiya, ɗana," da ƙarfi, kamar yana gabanta. Na ba shi na asalin da ban taɓa ba. Tun daga ranar na koyi auna shiru. Na uwa ya fi na ƙane tsawo. Na ta'aziyya ya fi duka, domin sai an shafa fatiha.

Masu zuwa wurina iri-iri ne. Akwai 'yan kasuwa masu aika umarni ga yaran shagonsu, su ba su son gaisuwa mai tsawo. Akwai ɗalibai da ke fara magana da Hausa su zame cikin Faransanci, sai in tsayar da kaset in tambaye su ko kakarsu ta yi lakwal, wato makarantar boko. Akwai wani da ya dage sai mun naɗi saƙonsa a tashar metro, don a ji ƙarar jirgi a san da gaske yana Paris. Kowannensu kuwa, idan mun gama, ina yi masa tambaya guda. A gefen kowane kaset akwai 'yan ƙananan robobi biyu da muke kira kunnuwa. Idan an karya su, ba a iya naɗar wata murya a kai. Idan an bar su, wanda aka aika wa yana iya shafe muryarka ya ɗora tasa, ya mayar maka da kaset ɗin. Kaset yana da tsada a ƙauye, don haka ta nan amsa take zuwa. Sai in ce, "A karya ko a bari?" Mai wasiyya ya ce a karya. Mai gaida uwa ya ce a bari.

Aikin da ya haɗa ni da Alhaji Illa na gwamnati ne. Shi malamin lakwal ne da farko, daga wani ƙaramin gari na gabas, sannan ya wakilci yankinsu a majalisa, ya riƙe ma'aikatar noma da kiwo, har ya kai mataimakin shugaban gwamnati yana riƙe da ma'aikatar tasa. Ya zo Paris da tawaga, ya ce zai gana da 'yan ƙasa a Montreuil, aka neme ni in naɗi jawabin. An ce mini in shirya yin tafinta, amma bai buƙace ni ba. Hausarsa ta malamin aji ce, a fili take, ba ya gaggawa, ya san inda ake sauke murya. A ranar ban yanka komai ba. Da na yi tambayata, sakatarensa ne ya amsa: "Maganar gwamnati ce, a karya."

Sai muguwar shekarar ta zo. Damina ta ƙi a gida. Tun kafin kaka ta wuce, Alhaji Illa ya hau rediyo ya ce rumbunan gwamnati cike suke, abincin dabbobi yana kan hanya, kada makiyayi ya karyar da dabbarsa a kasuwa. Mutanen yankinsu sun san muryar, ita ta koya wa 'ya'yansu lissafi, sai suka riƙe dabbobinsu. Abincin bai zo ba. Shanun da za a iya sayarwa da arha a sayi gero suka mutu a bakin rijiyoyi.

A Montreuil sana'ata ta kusa mutuwa. Mutum ba ya son aika murya gida hannu wofi, saboda haka masu zuwa suka ragu. Kaset ɗin da ke dawowa an shafe su an sake shafewa har kana jin tsoffin muryoyi a ƙarƙashin sababbi. Na koma ɗaukar akwatunan kayan miya a babbar kasuwa da safe, da rana in zaga fwaye da manyetona in taimaka wa mutane su ji abin da aka aiko musu. Kusan duk kaset ɗin da ya fito daga gabas yana ɗauke da jumla guda: Illa ya ce kada mu sayar. Kafin wata damina aka sauke shi daga muƙamansa duka biyu. Ya zo birnin Lyon, kudu da Paris, a yi masa aikin ido. Ido ya warke, shi bai koma ba. Ya tare a wani ƙaramin ɗaki a Villeurbanne, unguwar ɗalibai a gefen birnin, yana zuwa masallacin Larabawa don kada ya haɗu da namu.

Hajiya Rabi ce ta kira ni a waya. 'Yar Maraɗi ce, babbar 'yar kasuwar shadda, tana zaune a Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon, tana zuwa gida a kai a kai da manyan jakunkuna. Rabin kaset ɗina a cikin kayanta suke tafiya. Ta taƙaita gaisuwa, ta ce, "Mai Manyeto, kwaso tarkacenka ka zo Lyon. Alhaji Illa zai yi magana."

Na ce, "Da wa, Hajiya?"

"Da waɗanda ke zaginsa mana. Mutum ya zauna cikin yara 'yan makaranta yana dafa taliya, sai ka ce ba shi da kowa. Na gaya masa ko ya yi musu magana ko in daina aika masa tuwo."

Na hau jirgin ƙasa mai sauri, na shiga metro, na ƙarasa da bas. A falon Hajiya muka yi aikin, bayan azahar, muka jingina bandir-bandir na shadda a bango a madadin bargo. Alhaji Illa ya rame, yana sanye da baƙin tabarau da kwat a kan jamfa. Na gaishe shi da "Ranka ya daɗe, Maigirma," ya ce in bar Maigirman a Paris. Abin da ke gabansa a fili yake. An fara raɗe-raɗin cewa za a sake buɗe wa farar hula fagen mulki, kuma ɗan siyasar da yankinsa ba ya amsa gaisuwarsa ba shi da abin da zai koma yi. Ban da wannan ma, yana so ya san ko zai iya shiga garinsu da rana.

Ya zo da takardu a rubuce da Faransanci, yana juya su zuwa Hausa da ka. Na danna. Ya yi bayanin rahotannin da aka kawo masa, da jiragen ruwan da suka makara, da hanyar da ta lalace. Komai a tsare. Ka'idata ce in mayar wa mutum ya ji kansa kafin in ce komai, saboda haka na mayar na kunna. Bai bari ta yi nisa ba, ya ɗaga hannu.

"Tsayar. Wannan mutumin ne ya ce musu kada su sayar. Da sun ji wannan murya za su kashe rediyon."

Hajiya ta ce daga bakin ƙofar kicin, "Wallahi ni ma na kusa kashewa, kuma ba ni da ko akuya."

Ya ninke takardun ya sa a aljihu. Ya ce in ba shi ruwa. Na sauke mikro ƙasa kaɗan, na ce ya sauko daga kujera ya zauna a kafet, domin mutum a zaune ƙasa ba ya iya yin muryar taro. Ya sauko. Na sake dannawa.

Ya yi sallama ya dakata. Ya gaida dattawa ya dakata. Ya kira garuruwan yankin ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowanne yadda ya kwana, yana barin wuri. Ban koya masa wannan ba, shi ma uwa ce ta haife shi a ƙauye. Sannan ya ce, "Illa ne, ɗan Malam Mamman. Ni na ce muku kada ku sayar. Ba wani ya faɗa ba, ni ne. An gaya mini abinci yana zuwa, ban je na gani da idona ba, na faɗa muku. Kun gaskata ni, dabbobinku suka mutu. Ina yi muku jaje." Daga nan ya yi shiru mai tsawo, allurar manyeto ta kwanta. Hannuna ya so ya tsayar, amma na bari kaset yana tafiya. Da ya ci gaba bai nemi komai ba, sai ya ce su gaya masa abin da kowa ya rasa, yana so ya ji daga bakinsu.

Na fitar da kaset ɗin, na yi tambayata. "Ranka ya daɗe, a karya ko a bari?"

Ya karɓa yana juya shi. Ya san ma'anar kowanne. Ya ce, "Idan na bari, wani zai shafe ni ya ɗora kiɗan biki."

Hajiya ta ce, "To? Da kiɗan biki da shirun da kake ciki, wanne ya fi?"

"Wani kuma zai zage ni har iyayena."

"Suna yi tuni, Alhaji. Kai ne dai ba ka ji."

Ya miƙo mini. "A bari."

Kwafi aiki ne na haƙuri. Ana haɗa manyeto biyu da waya, ɗaya yana faɗa ɗaya yana ɗauka, kuma duk tsawon maganar sai ka zauna ka ji ta, don kada zare ya cije ba ka sani ba. Na yi wa kowane gari nasa a fuska biyun kaset, na rubuta sunan garin a jiki. Har na haddace inda yake haɗiye yawu. Hajiya ta cusa su tsakanin shadda, a gida kuma ta raba wa direbobin tasha.

Bayan wasu watanni suka fara dawowa, bibbiyu, uku-uku. Duk lokacin da wasu suka iso sai in sauko Lyon, mu zauna a ɗakinsa na Villeurbanne. A nan sana'ar take da wahala. A ƙauye ana naɗa da pil, wato batir, da ya kusa mutuwa, zaren yana tafiya a hankali, idan ka kunna shi a nan da wuta mai ƙarfi sai dattijo ya koma magana kamar ɗan tsako. Dole in buɗe bayan manyeto in rage masa gudu da sukudireba har muryar ta koma ta mutum. Wani zaren ya sha rana ya lanƙwashe, sai in zare shi in mayar a sabon gidan kaset.

An zage shi, kamar yadda ya ce. Wani makiyayi bai zage shi ba, ya dai kira sunayen shanunsa ɗaya bayan ɗaya, da launin kowace, har fuskar kaset ta ƙare. Alhaji Illa ya ji shi har ƙarshe, ya ce in juya ɗaya fuskar. Wani gari kuwa kiɗan bikin suka ɗora da gaske, da guɗa da komai, ya yi dariya har ya cire tabarau ya share idon da aka yi wa aiki. Amma a yawancinsu, bayan zagin sai magana ta juya. Wata mata ta ce rijiyarsu ta rufta, idan yana da sauran wanda ke jin maganarsa ya faɗa. Wani maigari ya ce irin gyaɗa suke nema kafin ruwa. Alhaji ya ce mini, "Ka ji? Ba a aiken wanda aka gama da shi." Ya fara fita. Ya bi ɗaliban da ke karatun ruwa da ƙasa a jami'ar unguwar yana tambayarsu yadda ake ɗaure rijiya a ƙasa mai yashi, ya koma sallar Juma'a cikin namu.

Kaset ɗin garinsu ne kawai bai zo ba. Duk zuwan Hajiya sai ya tambaya, ta ce ba a ba ta ba. Ya ce mini ko duk yankin ya amsa, idan garinsu bai amsa ba, ba shi da ƙofar shiga.

Wata Asabar da hantsi, ina wurinsa, Hajiya ta zo ɗakin da kanta, ko hutun tafiya ba ta yi ba. Ta ciro kaset daga jakarta, da rubutuna a jiki. Ta ce, "Alhaji, tsaya in gaya maka..."

Ya ce, "A'a, Hajiya. Bari in ji da kunnena. Lawali, sa."

Na sa. Muryarsa ce ta fito, tana sallama. Na tura gaba, shi ne. Na juya ɗaya fuskar, shi ne har ƙarshe. Ba a ɗora ko tari ba. Ya jingina da bango ya ce, "Ko sauraro ba su yi ba."

Na duba kaset ɗin a hasken taga. Gidan ya tsage an ɗaure shi da zaren ɗinki. 'Yar audugar da ke tallafe zaren ta baje. A wuri biyu zaren ya tsinke an liƙa shi da ƙaro. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san me suke nufi ba, amma wannan ya fi duk sauran shan juyi."

Hajiya ta ce, "Kun gama? To yanzu ku bar ni in yi magana. Har garin na je, tunda na gaji da tambayarka. Yayarka Hawwa ce ta ba ni shi hannu da hannu. An ji shi a ƙofar maigari, an ji shi a gidajen mata, an kai shi ruga. Dattawa sun taru za su amsa, har an sayo pil, sai ta zare kaset ɗin ta ɗaure a bakin zane. Ta ce sauran garuruwa su yi magana da akwati, ba su suka goya shi ba. Mu ya zo ya zauna a tabarma, mu faɗa masa yana kallonmu. Kuma ya zo kafin shuka."

Ya karɓi kaset ɗin ya shafa zaren ɗinkin. Sannan ya ce, "Yaya Hawwa ta ce haka? To ai zagi ne ke jirana."

"Zagi mana, har da saura. Amma na ga ta sa an yaɓe ɗakinka, an sake masa jinka."

Ya koma garinsu kafin ruwan farko. An ce ya yi kwanaki a tabarmar nan ana faɗa masa, bai kare kansa ba. Kafin shekarun tamanin su ƙare aka sake kiransa gwamnati, aka ba shi ma'aikatar ruwa, kuma waɗanda suka yi aiki da shi sun ce ba ya faɗin an haƙa rijiya a rediyo sai ya je ya leƙa cikinta. Ni na ci gaba da zaga fwaye har waya ta yi arha, sana'ar ta ƙare a hannuna.

Sau ɗaya na sake nemansa da aiki. Ya zo Paris a sabon muƙaminsa, na je masaukinsa da manyetona, na ce ko akwai saƙon da za a naɗa wa mutanen gabas. Ya tambayi iyalina, ya tambayi Hajiya, ya sa aka kawo mini shayi. Sannan ya dubi jakar manyeton ya ce, "Bar ta a rufe, Lawali. Jibi ina can."